Sojojin Yaya Sun Kalli Bango

Allah da ya ba mu aron Yaya ya karɓi abinsa, a garin da ba a binne cibiyarsa ba, can saman wani dogon bene a Al Warsan. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙasar Dubai ta yi masa laushi kamar ƙasar gida. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne 'yata tana rubutawa, domin an yi wata magana a kan Yaya, kuma ba na so ita ce za ta rage a bakin mutane bayan na bi shi.

Na sha zaman makoki a rayuwata, na san yadda ake shigowa. A yi sallama, a tuɓe takalmi, a durƙusa, a ce ya haƙuri. Na Yaya ba haka ya kasance ba. Mutane sun zo, ban ce ba su zo ba. 'Yan kargo, masu aika kaya gida daga unguwar Al Rigga, sun zo, direbobi sun zo, abokan aikin surukina na tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali sun zo. Amma duk wanda ya shigo falon, sai idonsa ya fara zuwa kan ƙofar ɗakin Yaya da ke rufe, sannan ya nemi wurin zama mafi nisa da ita. Wani ya yi addu'a a tsaye, takalmi a ƙafa. Wani aka miƙa masa ruwa ya ce azumi yake, da ya sauka kuwa na hango shi ta taga yana shan lemo a gindin bene. Matan da suka shigo wurinmu, mai goyo ba ta kwance goyonta ba.

Gawar ma ba ta gidan. A gida mutum ya rasu da hantsi, kafin La'asar an kai shi makwancinsa. Nan kuwa 'yan sanda suka zo suka ɗauke shi zuwa asibiti, aka sa shi a wani akwatin sanyi, aka ce sai takardu sun kammala. Yaya da ko fanka ba ya so ta dame shi. Ina zaune ina tuna shi cikin wannan sanyi ba mayafi. Kwanakin jiran nan su ne suka ba magana filin girma.

Maƙwabciyarmu, wata mutuniyar Gana da ke aikin shara a otal, ita ta kawo mini maganar. Ta zauna kusa da ni ta rage murya.

"Mma, ba ki ji abin da suke faɗi ba?"

Na ce ban ji ba.

"Sun ce Baba gumaka yake ajiyewa a ɗaki. Abokinsa mutumin Damagaram, wanda ya tarar da shi a kwance, ya ce kullum in ya shiga fuskokinsu yake gani. Ranar nan kuwa duk sun juya wa Baba baya, sun kalli bango, babu ɗaya da ke dubansa. Mutane sun ce abin da yake yi wa hidima ne ya gama da shi ya tafi."



Ta ce, "Mma, wasu sun ce ba za su tsaya a sahun jana'izarsa ba. Kuma an fara aika maganar gida ta waya."

Na san abin da ya juya su. Duk da na sani, sai da tsigar jikina ta tashi, domin ni ma tsoronsu nake ji, har yau kuma ban daina ba. Amma tsoron da ya fi wannan shi ne a sa Yaya a rami ba wanda ya san sunansa a bayansa, sai ma'aikatan maƙabarta, a kuma gaya wa 'ya'yansa a gida cewa ubansu bai cika da imani ba. To bari in faɗi waye Yaya, in faɗi mene ne a ɗakin nan.

Uwarmu magina ce. A ƙauyenmu gabas da Kano, tulu da randa da kasko na rabin garin daga hannunta suka fito. Da yumɓu muka buɗe ido. Yaya ya ɗauki wata ɗabi'a tata har ya mutu: ba ya shan abu a kofi sai ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne. In ya ji amo ya ce, "Lafiyarsa ƙalau." In ya ji ya dushe ya ce, "Wannan yana ɓoye ciwo." Yakan yi wa mutane ma irin wannan hukunci, bayan sun fita.

Ya zo Dubai tun gemunsa na baƙi, da niyyar fatauci. Fatauci bai karɓe shi ba. Sai ya samu aiki a siton wani Bature mai sayar da tsofaffin kayan Turawa, kujeru da agogon bango da tangaran na kakannin kakanni. Aikin Yaya shi ne kwance kaya in kwantena ta iso, da naɗe su in an saya. Ya shekara da shekaru yana yi, har ƙafa ta fara ƙin sa, surukina ya ce ya bar ɗakin haya ya dawo wurinsu.

Ni kuwa jego ya kawo ni. 'Yata ta haihu, ba wanda zai yi mata wanka da kunu, aka yi mini biza aka ɗoro ni a jirgi. Ranar da na iso, Yaya ne ya tarbe ni a gindin bene. Na ga akwatin ƙarfen nan da ake shiga ya rufe da mutum ya yi sama, na ce ni da ƙafa zan hau. Ya yi dariya har da tari.

"Auta mai tsoron kaza. Kin yi jikoki ba ki canza ba."

"Kaza ba ta rufe mutum a ciki, Yaya."

Ya kama hannuna kamar ranar da ya fara kai ni rafi, ya ce in rufe ido in yi ta salati. Tun daga ranar duk sa'ad da zan sauka sai ya jawo ƙafarsa mai ciwo ya raka ni. Da na ce babu kunun jego ba kanwa, shi ya shiga jirgin ƙasa har Al Rigga, ya bi shagunan 'yan garinmu ɗaya bayan ɗaya cikin ranar nan mai dafa ƙwaƙwalwa, ya dawo da ita a ƙulle a leda, ya ajiye a gabana.

Ana nan, wata safiya na dama kunu na ce bari in kai masa ɗakinsa. 'Yata ba ta shiga ɗakin kawunta, surukina ma ba ya shiga, girmamawa ce. Na yi sallama na tura ƙofa. Sai na ga idanu.

A kan kanta, jere, mutane ne ƙanana, tsawon kowanne bai wuce daga yatsa zuwa gwiwar hannu ba. Farare fat, masu sheƙi, kumatu ja kamar an mare su, idanu baƙaƙe ɗigo-ɗigo da ba sa ƙiftawa. Akwai mai jar riga riƙe da tuta. Akwai wani a kan farin doki. Akwai mai hannu ɗaya, an maƙale hannun rigarsa a ƙirji. Akwai namiji da gashin baki amma sanye da ɗan buje iya gwiwa. Akwai mace a tsaye kusa da wani soja da aka rataye masa hannu a wuya. Dukkansu ni suke kallo. Kwanon ya kuɓuce, kunu ya wanke mini ƙafa, ban ma ji zafinsa ba.

Yaya ya ce, "Kin yi asarar kanwata."

"Yaya, mene ne wannan?"

"Yumɓu ne, Auta. Ɗiyar magina ba ta san yumɓu ba?"

Ya zaunar da ni a bakin ƙofa, domin na ƙi shiga. Ya ce tangaran ne na ƙasar Ingila, an gina su zamanin wata sarauniyarsu da ta daɗe a kan gado, tun Turawa ba su shigo Kano ba. Ya ce a lokacin in suka yi yaƙi, wani ya yi jarumta har labarinsa ya cika gari, sai maginansu su zuba kamanninsa a yumɓu, talakawa su saya su ɗora a saman murhun ɗaki. Ya ce mai hannu ɗaya jagoran jiragen yaƙi ne na ruwa. Matar nan kuwa jinyar sojoji ta yi a bakin daga. Ya nuna wani mai jar dara da gemu ya ce, "Wannan ma Baturke ne, Musulmi ɗan'uwanki, ki gaishe shi."

Na ce, "Ba na gaisawa da abin da ba ya amsawa."

Waɗanda ke wurinsa duk fasassu ne. In kwantena ta iso aka tarar wani ya karye a hanya, maigidansa yakan ce halas, wato ya ƙare, a zubar. Yaya ba ya iya zubarwa. Sai ya tattara gutsattsarin a hankici ya kawo gida, ya zauna da gam da tsinken sakace, yana cewa shuwayya shuwayya, wato sannu-sannu, har wuya ya koma kan kafaɗa. In ka duba da kyau kowanne da tabonsa.

Ya ɗauko ɗaya ya juya mini bayansa. Wannan ya fi fuskar tsorata ni. Ba su da baya. Gaba an yi ado, an yi maɓallai, an yi takobi, baya kuwa fari ne sumul a shafe, ba fenti, sai wata 'yar huda. Ya ce ai don a jingina su da bango aka yi su, ba wanda zai ga bayan, magini bai ɓata fentinsa ba. Hudar kuwa na san aikinta, uwarmu takan bar irinta don zafi ya samu hanyar fita kada abu ya fashe a wuta. Na sani sarai. Amma zuciyata ta ce abu mai fuskar mutum, cikinsa rami, ga ƙofa a baya, wane ne ba zai shiga ya zauna ba? Ga jinjiri a gidan, maɗigarsa ko ƙarfi ba ta yi ba.

Daga ranar ban ƙara wuce ƙofar nan da jikana a hannu ba sai na rufe masa fuska da mayafi. In ya yi kuka ba dalili, in ce su ne. In ya ƙura wa sama ido yana murmushi, in ce su ne. Na daina shanya kayansa a ɓangaren da ke jikin bangon Yaya.

Faɗanmu ya zo ranar da yaron ya yi zazzaɓi. Na tsaya a bakin ƙofar na ce, "Yaya, ka fitar da su. Mala'iku ba sa shiga gida mai irin waɗannan, kowa ya sani. Tsoho da furfura yana wasa da 'yar tsana, jikanka yana ƙonewa."

Ya ce, "Haƙori ne ko sanyin na'ura. A kai shi asibiti."

"Ka fitar da su, ko in sa taɓarya in bi ta kansu."

"Ina kika ga taɓarya a Dubai?"

Ban yi dariya ba. Da ya ga haka sai fuskarsa ta canza. Ya miƙa hannu ya ɗauko sojan nan mai hannu a rataye, ya ɗora a cinyarsa. Ya ce, "Wane hannu ne na Babanmu ya shanye?"

Na ce na hagu.

Ya ce, "Duba."

Ubanmu yana cikin waɗanda Turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama. Ya dawo da hannu ɗaya a shanye, da wani firgici da bai rabu da shi ba. In aka yi tsawa sai ya shige ƙarƙashin rumbu, babban mutum, mu yara muna kallo. Bai taɓa ba da labarin abin da ya gani ba. Ya rasu ina ƙarama. Ba hoto, ba komai. Kabarinsa ma gona ta cinye.

Yaya ya ce, "Ranar da na buɗe kwalin nan na ga wannan a karye biyu, na kasa jefa shi a shara. Su nasu sun gina su, shekara fiye da ɗari ana naɗe su a auduga ana ƙetare teku da su. Namu ya je ya yi musu yaƙi a dajin da bai san sunansa ba. Wa ya gina shi? Ke kanki za ki iya tuna fuskarsa?"

Na nema a raina. Na samu hular, na samu hannun, ban samu fuskar ba.

Na ce, "Mu addu'a muke yi wa namu, ba gini ba."

Ya ce, "Gaskiyarki. Ni dai in na ga wannan sai in tuna in yi masa."

Muka kwana biyu ba ma magana sai gaisuwa. Yaron aka kai shi asibiti, ya warke. Ban ce Yaya ya yi gaskiya ba, shi ma bai nemi in ce ba. Ya dai sayo wani ƙyalle ya rataya a ƙofarsa daga ciki, don ko an buɗe kada idona ya faɗa kansu.

To ga abin da mutane ba su sani ba. Da can Yaya a masallacin da ke ƙasan benen yake salla, shi da abokinsa mutumin Damagaram, mai sayar da kayan waya. Da ƙafa ta matsa masa, wasu lokutan sai ya yi a ɗaki. Wata rana na kawo masa abinci daidai an kira Azahar. Na ɗaga ƙyallen kaɗan, sai na gan shi tsaye a gaban kantar yana kama su ɗaya bayan ɗaya yana juya su, fuska ga bango. Mai doki, mai tuta, matar, har Baturken. Kantar ta koma jerin fararen dunƙule marasa ido.

Na ce, "Me kake yi?"

Ya ce, "Zan gana da Ubangijina. Ba na son ko idon fenti a kaina."

"Baturken ma? Ka ce Musulmi ne."

"Ba shi da alwala."

Sai ya naɗe hannun riga ya wuce banɗaki. Haka yake yi, kullum a jere ɗaya: ya juya su, ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma. In ya sallame ya gama lazimi, sai ya juyo su yana cewa, "To, a koma bakin aiki." Na gani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, domin ni ke kai masa abinci. Ban gaya wa kowa ba, ban ga abin faɗi a ciki ba.

Ranar da zai rasu, ni da 'yata mun kai yaron riga-kafi. Surukina yana wurin aiki. Yaya ya raka mu har bakin akwatin ƙarfen nan, ya ce, "Auta, yau ki gwada buɗe ido." Na ce sai ranar da ya zubar da 'yan tsanarsa. Ƙofar ta rufe yana dariya. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Kafin mu dawo an ɗauke shi.

To da mutuniyar Gana ta gama gaya mini abin da ake faɗi, na zauna ina jin muryoyin maza a falo. A ranar takardu suka fito, an ce gobe jana'iza. Malamin da 'yan garinmu ke kai wa tambaya yana nan, surukina yana nan, mutumin Damagaram yana nan, da wasu. Na ji wani yana cewa, "Ni fa ina da kaya a kargo gobe, ban sani ba ko zan samu zuwa." Wani ya ce shi ma. Na ji surukina yana rantsuwa cewa Baba mai salla ne, aka ce masa, "Kai ka taɓa shiga ɗakin?" Shi kuwa bai taɓa shiga ba.

Ni tun da nake ban taɓa tsayawa gaban taron maza na yi magana ba. Surukina kuwa ko abinci ba na ci a gabansa. Na miƙe. 'Yata ta ce, "Inna, ina za ki?" Na ja mayafi na fita.

Na durƙusa daga gefe na gaishe su. Na ce wa mutumin Damagaram, "Malam, kai ka fara ganinsa. Me ya kai ka?"

Ya ce, "Bon, Hajiya, an kira La'asar, na hau in ga ko ƙafar za ta bar shi ya sauka masallaci."

"Hannun rigarsa yaya yake?"

Ya ce, "A naɗe. Har gwiwar hannu."

"Da ka ɗaga kansa fa?"

Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo kamar abin yana nan har yanzu. Ya ce, "Gemunsa da ruwa. Ya jiƙa mini hannu. Na zaci gumi ne."

Na ce, "A gidan da na'ura ke hura sanyi?"

Sai na faɗa musu abin da na gani, yadda yake juya su, da abin da yake cewa. Na ce ba su suka juya masa baya ba, shi ya kawar da fuskarsu don zai yi salla. Ya juya su, ya yi alwala, mutuwa ta same shi tsakanin buta da darduma.

Wani daga can baya ya ce, "Hajiya, 'yar'uwa ai dole ta rufa asiri. Mu dai abin da ke ɗakin nan muke tsoro."

Na ce, "Ba ka kai ni tsoronsu ba."

Na tashi na nufi ƙofar. Na ji mutane suna jan jiki. Na buɗe, na ɗaga ƙyallen. Ƙamshin turaren Yaya ya bugo ni. Ga su nan a jere, farare, duk sun kalli bango. Ga dardumarsa a naɗe a kan kujera. Ban taɓa sa ƙafa cikin ɗakin nan ba sai ranar. Salatin ma a zuci nake yi. Na miƙa hannu na kama na ƙarshen jeren, ban juyo shi ba, na san shi ta wurin tabon gam a ƙugunsa, sojan nan ne mai hannu a rataye. Sanyi ƙalau kamar randa da asuba, ba nauyi. Na fito da shi bayansa na kallon maza.

Na ce, "Ga abin da ya kashe Yaya, in ji ku."

Na ƙwanƙwasa shi da farce. Ya yi ƙara a dushe, irin ta abin da ya taɓa fashewa.

Na ce, "Uwarmu magina ce. Wannan yumɓu ne, an gasa shi, ya karye, Yaya ya liƙe. Ubanmu soja ne mai shanyayyen hannu, shi yake tunawa. In laifi ne, ku ce laifi ne. Amma kada ku ce ya bauta masa."

Sai malamin ya gyara murya. Ya ce, "Hajiya, ajiye irin waɗannan a ɗaki ba daidai ba ne, da ya tambaye ni da na hana shi. Allah ya yafe masa. Amma mutumin da aka ɗaga da ruwan alwala a gemu, ni ina sahun gaba gobe. Mai kaya a kargo ya je ya ji da kayansa."

Mutumin Damagaram ya rufe fuska da hularsa. Ya ce, "Shekara nawa muna shan shayi tare. Na shiga na ga bango, ban ga abokina ba." Ya ciro waya ya ce shi ya fara aika maganar, shi zai aika ta biyu.

Na mayar da sojan inda yake, yadda yake. Da na koma wurin mata, mutuniyar Gana ce ta tare ni ta zaunar da ni.

Washegari maza suka tafi. Mata ba sa zuwa, muka zauna muna jiran waya. Ban san ko maganata ta kama ba, domin tsoro ba ya fita daga mutum don an yi masa bayani, ni shaida ce. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai in leƙa ta taga. Can wayar 'yata ta yi ƙara, mijinta ne. Ta saurara, ta saurara, hawaye suna zuba. Ta ce, "Inna, ya ce wurin bai ishe su ba, wasu a rana suka tsaya. Mai kaya a kargo ma da shi aka ɗauki makara."

Wannan shi ne Yaya. Mai tsokana ne, mai taurin kai, ba ya iya ganin abu a karye ya wuce. Ya riƙe hannuna a duk inda na ji tsoro, tun daga rafin ƙauyenmu har garin nan. Wanda ya ji wancan labari, to ya ji wannan, ya yi masa addu'a, ya haɗa da ubanmu da ba wanda ya tuna fuskarsa. Allah ya haskaka kabarinsu, ya sa Yaya ya tashi da alwalarsa.

Da aka kira La'asar a ranar, na ɗauki dardumarsa na shimfiɗa a ɗakinsa, inda ya yi niyyar shimfiɗawa, na yi salla. Ina yi ina jin su a gefena, bayan wuyana yana sanyi, amma na idar. Surukina ya ce zai mayar da su siton da suka fito, na ce to, a naɗe su a hankali, kada a fasa abin da ya liƙe.

'Yata ta leƙo da yaron a kafaɗa, karo na farko da ta ga kantar. Ta ce, "Inna, in juyo su mu ga fuskarsu kafin a kwashe?"

Na ce, "Bar su. Wanda ya juya su bai sallame ba tukuna."